Jeren ƙasa: wa ya jera mu, kuma don wane baƙo?

Gardamar a fadarmu ta hira da shayi ta bayan isha'i ta tashi, nan unguwar Birni a Damagaram, ranar da wani ƙanenmu da ke karatu a jami'ar Yamai ya zo bakans ya fiddo salula yana nuna mana hotunan da ya ɗauko a muze, wato gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama. Ga ƙasusuwan dabbobin zamanin da, ga zaki cikin keji, ga dorina, can sai ya tsaya kan wani hoto ya ce to ga namu nan, gidan Bahaushe. Akwai wani dattijo da ke zama da mu, tsohon magini ne, da wuya ka samu soro a lungunmu da hannunsa bai taɓa ba, ya karɓi salular ya kai ta dab da ido ya jima yana kallo sannan ya ce, yaro gida dai ya yi kyau, amma wane Bahaushen? Na Gobir ko na Adar ko na Arewa ko namu na nan? Yaron ya ce haba Baba, ai Bahaushe Bahaushe ne. Baba ya miƙa masa salularsa ya ce ashe karatun naka da saura. Aka kwashe da dariya, shayi na biyu ya huce ana musu, ni kuwa tun daren nan maganar ta ƙi barina, shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta yadda na fahimta.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san jeren ɗakin amarya. Ranar jere gwaggwanni da ƙannen uwa su ne masu iko da ɗakin, su za su ce wannan kwalla ta hau sama, wannan tasa ta koma baya don ta ɗan lanƙwashe, wannan langa a juyo da fuskarta wajen ƙofa, kuma kowa ya san cewa wani abin aro ne daga maƙwabta, bayan sati biyu za a zo a ɗauke a hankali ba tare da an yi magana ba. Tsohuwar tukunyar da za a riƙa girki da ita kullum kuwa tana ƙarƙashin gado ko can bayan ɗaki. Ba wanda zai ce jere ƙarya ne, kayan na nan ido na gani hannu na taɓawa, sai dai an zaɓa, kuma an zaɓa ne da tunanin idon dangin miji. To baje kolin ƙasa haka yake, ko gidan tarihi ne ko rumfar da ƙasa ke kafawa a wani babban taron duniya ko faretin ranar jamhuriya. Ƙasa ce ke jere. In ka shiga, kafin ka ce kai wannan abu ya yi kyau, ka fara tambayar su wa suka yi jeren, wane baƙo suke jira, me aka aro, me aka tura ƙarƙashin gado.

Mu dai farkon jeren da aka yi mana wasu ne suka yi shi, a ɗakinsu, don baƙinsu. A 1931 Faransa ta shirya gagarumin baje kolin ƙasashen da take mulka a dajin Vincennes da ke gefen birnin Paris, daga watan Mayu zuwa Nuwamba, ƙarƙashin jagorancin Marshal Lyautey, an sayar da tikiti wajen miliyan 33. Yankinmu na Afirka ta Yamma an gina masa wata ƙatuwar fada ja mai kama da ginin ƙasa irin na Jenne da Tumbutu, aka kwaso masu sana'a da makaɗa aka zaunar da su suna aiki Turawa na wucewa suna kallo. Masaƙin da ke wurin da gaske masaƙi ne, zarensa ma na gaske ne. Amma labarin da aka ɗora a kansa shi ne ga mutanen da muka tarar a baya, ga kuma hanya da likita da lakwal da muka kai musu. Aikin tilas da harajin kai da bulalar gardi ba su samu rumfa ba. Kuma kar a manta shekara 32 kacal kenan tsakanin wannan biki da 1899, shekarar da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya yi ta kisa har ya shigo ƙasar Hausa ya ƙone Birnin Ƙonni, shekarar da Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu, shekarar da aka yi yaƙin Tirmini nan kusa da mu. Waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da rai lokacin da ake sayar da tikitin.

Da aka zo batun 'yancin kai sai shugabanninmu na farko suka samu kansu da wata matsala da ba ƙarama ba. An ba su ƙasa mai faɗi da aka shata da alƙalami, mutumin Difa bai taɓa ganin kogin Isa ba, mutumin Tera bai san hanyar Bilma ba, mu nan kuma fuskarmu Kano take kallo, tafiyar kilomita wajen 240, alhali Yamai sai ka ci kusan 900. Ta yaya za ka sa waɗannan mutane su ce mu ɗaya ne? Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne muze. An buɗe shi a 1959, tun kafin ranar 'yancin kai, 3 ga Agusta 1960, Bubu Hama wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974 yana cikin waɗanda suka tsaya masa, wani Bature Pablo Toucet shi ya fara riƙe shi, daga baya ne aka sa wa gidan sunan Bubu Hama. Dabarar ita ce a tara ƙasar duka a fili guda yadda ɗan lakwal zai zagaye Nijar da ƙafa kafin azahar.

Kuma in za a faɗi gaskiya sun yi abin a yaba. Ba irin gidan tarihin Turai ba ne da za ka shiga kana sanɗa kamar gidan makoki. Fili ne buɗaɗɗe, da gidan namun daji a ciki, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu suna sayarwa, da ɗakunan tufafi da kayan kiɗa, da gidajen gargajiya da aka gina a sarari, ranar sallah yara sun cika wurin maƙil da sabbin kaya. Talaka na shiga ba ya jin an fi ƙarfinsa, wannan kaɗai ya isa a jinjina musu. Ni ma ranar da na fara shiga ina saurayi baki buɗe na yini.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin jeren. Ƙabila-ƙabila aka bi: ga na Hausa, ga na Zabarmawa da Songai, ga tantin Buzaye, ga bukkar Fulani, haka dai. Wannan rabon ba su suka ƙirƙiro shi ba, a takardun kumandan na zamanin mulkin Faransa suka tarar da shi, shi ya raba mutane gida-gida don ya ji daɗin ƙidaya da karɓar haraji. Sabuwar ƙasa ta karɓi akwatunan yadda suke, ta canza abin da ake faɗa a kansu kawai, da ana cewa ga talakawanmu iri-iri, yanzu ana cewa ga 'yan uwa iri-iri. Dubi tambarin ƙasa ma za ka ga tunanin nan: rana a tsakiya, mashi da takubba biyu, zangarniyar hatsi uku, kan sa. Kowa an ba shi alama guda ya riƙe, manomi da hatsinsa, makiyayi da sansa, mai rawani da takobinsa. Abin na da daɗin kallo kuma yana kwantar da hankali don ba a bar kowa a waje ba. Amma da zarar ka ba mutum alama guda to ka ɗaure shi da ita. Buzu ya zama raƙumi da takobi ko da kuwa direban babbar mota ne a Arlit, Bororo ya zama kwalliyar gerewol a jikin katin gaisuwa, sauran wata goma sha ɗaya na rayuwarsa, neman ruwa da rigima kan burtali da tsadar dusa, babu mai ɗaukar hotonsu.

To mu Damagaram a wane akwati za a sa mu? Nan ne tambayar Baba magini ta yi nauyi. Gidan sarautarmu asalinsa daga Barno yake, Barebari ne, shekaru da yawa ana kai gaisuwa Kukawa. Harshen gari Hausa. Zango kuwa sunanta ya faɗi abin da take, masaukin ayari ne, Buzaye da fataken da ke zuwa daga Agadas da Ghat da Tarabulus nan suke sauke kaya, har da Larabawan da suka zauna suka yi aure suka haihu. Ga Fulani a kewaye, ga mutanen da aka kawo daga kudu ba da son ransu ba waɗanda jikokinsu yau 'yan gari ne kamar kowa. Zamanin Sarki Tanimun, a tsakiyar ƙarni na 19, aka ja ganuwa aka ƙera igwa a cikin garin nan, fata da gashin jimina suna tafiya arewa, bindiga da takarda da tufafi suna shigowa, Heinrich Barth ma ya sauka nan a ƙarshen 1852. Gari ne da cakuɗa ta gina shi. Ka je gidan biki ka tambayi mutum goma asalin kakanninsu ka ji, za ka tarar da Babarbare da Bafillace a jini ɗaya suna tsokanar juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kaka ɗaya ta goya su. Wannan wasan na barkwanci har Unesko ta sa shi cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, kuma a ganina ya fi kowace bukka bayyana mu, don shi a tsakanin mutane yake zaune, ba ka iya sa shi a gilashi. Jeren ƙabila-ƙabila yana iya nuna maka Bahaushe ya nuna maka Babarbare, amma Badamagare, wanda shi ne su biyun har da ƙari, ba shi da shiryayye wuri.

Gidan ma da aka ce na Bahaushe, Baba ya yi mana bayani daren nan har muka gaji. Ya ce zanen fuskar gida a Birni da Zango ba ado ne kawai ba, sanarwa ce, attajiri ne ke gaya wa mai wucewa na samu, kuma kowane magini da hannunsa, yana iya tsayawa daga nesa ya ce wannan dagin wane ya yi shi. Zanko, azara, tubali, makuba, kowanne da lokacinsa da kuɗinsa. In ka ɗauke gida ka kai wani wuri ka ce wannan shi ne na Bahaushe, ka cire sunan mai gidan ka cire na maginin ka cire shekarar, abin da ya rage fasali ne kawai. Kuma mai kallo zai fita da tunanin haka Hausawa suke zaune tun fil azal har gobe, alhali shi Baban da kansa ɗakin siminti da kwano yake kwana, ya ce ya gaji da yaɓe duk damina.

Akwai wani abu da na lura da shi, ban sani ba ko kun lura. Mutane a irin wannan jere kullum a jiya suke, gwamnati ce kaɗai ke yau. Al'umma ta kawo ƙwarya da kalangu da sirdi, hukuma ta kawo ɗakin yuraniyom da na man fetur. Kamar dai ci gaba daga buro yake fitowa, mu namu mu yi rawa. To ina ɗan kabu-kabu, ina mai gyaran salula a bakin kasuwar Dole, ina matan da ke tafiya Aljeriya neman abin rufin asiri, ina ɗan cirani da ke kai da kawo tsakanin Matamai da Kano? Matatar mai da aka buɗe arewa da garin nan a 2011 za ta samu hoto a bango cikin sauƙi, jarkokin da ke layi a bakin pampo a watan Afrilu ba za su samu ba, kuma duk wanda ya san Damagaram ya san wanne ne a cikin biyun ya fi shiga rayuwarmu.

Abin dariya, waɗanda suka fi kowa samun wuri mai kyau a jeren ƙasa su ne waɗanda ba su da dangi. Ƙasusuwan dabbobin zamanin da da aka tono a Gadufawa, da kadan nan da tsawonsa ya haura mita 9, da dabbar da aka laƙaba wa sunan ƙasar, Nigersaurus, ba Bahaushe a cikinsu ba Bazabarme, ba wanda zai ce an fifita kakansa a kan nawa. Haka itacen Tenere, ƙaya guda tilo a tsakiyar hamada da ayari ke saiti da ita, wani direba ya banke ta a 1973, aka kwaso gangar jikinta aka kai Yamai aka gina mata ɗaki, aka kafa ta ƙarfe a inda take. Kowa na son itacen nan don ba ya cikin kowace jam'iyya.

Yanzu bari mu leƙa ƙarƙashin gado, kuma nan sai mun yi haƙuri da juna don ba Nasara kaɗai ke da abin ɓoyewa ba. Muna son labarin Sarki Amadu Kuran Daga, yadda aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin nan a 1898, yadda aka fita Tirmini aka tari bindigogin Faransa, kuma ya cancanci a faɗa da babbar murya tunda su Turawan sunan mutuminsu suka liƙa wa barikin da suka gina a kan dutse. Muna son a faɗi yadda aka tuɓe sarki a 1906 bisa zargin shirya tawaye aka bar gari shekaru ba sarki sai wanda Nasara ya ɗora, da yadda aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai a 1926, wannan ciwon har yau bai warke ba, ka taɓa shi a kowace fada ka ji. Amma arzikin da ya gina ganuwar nan fa? Wani kaso nasa daga hari ya fito, daga mutanen da aka kamo aka sayar ko aka sa noma. Wa zai rubuta wannan a allo a ƙofar fada? Jikokin masu kamun da jikokin waɗanda aka kamo sahu ɗaya suke sallah yau, wasu ma surukan juna ne, kuma sai a 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa. Ban ce a tona asirin kowa ba, na san abin da kalma ɗaya ke iya yi wa auren yarinya a garin nan. Amma gidan tarihin da ya nuna sirdi da lifidi bai ce uffan a kan wanda ya yi wa dokin ciyawa ba, rabin labari ya bayar.

Yunwa ma haka. Kakanninmu da sunan yunwa suke ƙidayar shekaru, Kakalaba ta wajen 1913 da 1914, El Buhari ta 1984 lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, ga ta 1973 da 1974 da ta taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori, ga ta 2005 da muka gani da idonmu. Yadda mutane suka rayu, ganyen da aka ci, anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, rumbun tsimi, wanda ya raba hatsinsa da maƙwabci, in akwai abin da ya isa a kira halin ɗan Nijar to yana cikin nan. Sai dai wace ƙasa ce za ta sa yunwa a jere baƙi na zuwa? Jam'iyyar Sawaba kuwa da shugabanta Djibo Bakary da ƙuri'ar a'a ga Faransa ta 1958 da tawayen da ya biyo baya a 1964, shekaru da yawa ko sunan ba a so a ji, sai ga shi a 2024 an cire sunan De Gaulle daga wani babban titi a Yamai an sa nasa. Ka ga kenan abin da ke ƙarƙashin gado yau yana iya hawa saman kabad gobe in masu jere suka canza, wani kuma ya sauko.

Wani lokacin ma rigimar ba da gwamnati ba ce, tsakaninmu ce. Ka ɗauki garaya da goge da kayan 'yan bori. Mai bincike zai ce gado ne a adana, malamin unguwa zai ce shirka ce me ya sa ake nuna wa yara, ita kuwa tsohuwar da ke zuwa wurinsu da dare in jikanta ya ƙi lafiya ba za ta ce komai ba. In an sa garaya a gilashi an rubuta kayan kiɗan gargajiya an kauce wa faɗa, amma an kashe ta, don ba a faɗi wa take kira ba. Ko ku tuna bikin nuna tufafi na Alphadi, mai tsara tufafin zamani, da aka fara a hamada wajen Tigidit a 1998, da aka kawo shi Yamai a 2000 sai da aka yi zanga-zanga har Maraɗi. Masu shiryawa na cewa ga Nijar ta zamani duniya ta gani, masu zanga-zanga na cewa wannan ba mu ba ne. Duka ɓangarorin 'yan ƙasa ne, kuma a kan hoto ɗaya suke faɗa.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ke nuna maka baƙon da ake jira ba tare da an faɗa ba. Na taɓa raka gwaggona wani baje kolin kayan gargajiya, ba sai na faɗi wurin ba, muka tsaya gaban wani faifai da mabuɗin ƙwarya irin wanda ta yi shekara hamsin tana saƙawa, ga ɗan allo da faransanci a ƙasa. Ta ce ɗan nan me aka rubuta? Na karanta na fassara mata, an ce marufi ne na gargajiya da ake yi da kaba. Ta ce shi kenan? Na ce shi kenan Gwaggo. Ta ce ba su faɗi na amarya ne ko na mai jego ba, ba su faɗi sunan zanen ba? Wadda ta fi kowa sanin abin a ɗakin nan ita ce ba ta iya karanta bayaninsa, wanda ya iya karantawa kuma bai ƙaru da komai ba. Fiye da rabin 'yan ƙasar nan Hausa ce harshensu na gida, wasu da yawa kuma da ita suke ciniki, kuma a 2025 an ayyana ta harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki. To mu gani ko allunan za su bi. Amma in faɗi wata gaskiya da ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, in aka cire faransanci aka sa Hausa kaɗai aka ce an gama, mutumin Ngigmi da na Ayoru za su tsaya gaban allo kamar yadda Gwaggo ta tsaya. Kuma ko da Hausar aka rubuta, da boko ko da ajami? Gwaggo ajami take ɗan tsinta. Ni da za a ji tawa da murya za a sa, mutum ya danna ya ji tsohuwa na bayani da bakinta, yanzu da kowa ke aika saƙon murya a WhatsApp wannan ba wani abin wahala ba ne.

Bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha wani salon jeren ne, maimakon a kai ƙasa Yamai sai a kawo Yamai gare ka. Mun karɓe shi a 2006, muka sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, daidai cikar jamhuriya shekara 60. An yi gudurun, an yi fenti, an kafa fitilu, kuma ba zan ce ba a amfana ba don wasu hanyoyin har yau muna bin su. Amma kowa ya ga yadda ake yi, hanyar da manyan baƙi za su bi ita ake wa kwalliya, dawaki da dogarai masu ja da kore a gaba, 'yan mata da shigar gargajiya da aka ɗinka sati biyu kafin ranar. Kara-Kara, unguwar da aka ware tun da can don kutare, inda samari da yawa suka tashi ba lakwal ba sana'a, ba ta kan hanyar baƙi. Mu da kanmu ma ba mu so ta kasance a kai, kar mu ɗora wa wasu. Ranar da baƙo zai zo gidanka kai ma shara kake yi.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne tun kafin a san wani abu muze muna da hanyoyinmu na nuna kanmu, kuma wasunsu sun fi na hukuma wayo. Hawan sallah jere ne mai tafiya, tsarin wa ke gaba wa ke baya, wa ke da algaita wa ke da kakaki, duk bayani ne na yadda sarauta ke ganin gari, yaro na kan katanga yana karanta shi ba allo. Kokowa kuma tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975 ta yi abin da bukkoki ba su yi ba, don a fili ba a cewa ga Bahaushe ga Bazabarme, cewa ake ga na Damagaram ga na Doso, kuma ba wanda ya san yadda za ta ƙare, filinmu ma sunan ɗan kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi ba sunan minista ba. Amma wanda ya fi burge ni wasan kara ne. Samari su ɗauki karan dawa su ƙera bindiga da na'urar ɗaukar hoto, wani ya fito a gwamna wani a sarki wani a shugaban ƙasa da tafiyarsa da yadda yake gyara hula, manya na zaune suna kallon kansu suna dariyar dole. A nan talaka ne ke jera manya, rana ɗaya dai a shekara, kuma kowa ya san kara ne, ba wanda ya ce maka ainihin gwamnan kenan. Ɗakin gilashi ba ya taɓa gaya maka cewa shi ma wani ne ya zaɓa ya ƙera, fuska yake ɗaurewa kamar daga sama aka saukar da shi.

Tun 2006 Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa Unesko tana neman a sa su cikin gadon duniya, Agadas ta samu shiga a 2013, mu muna jira. In Allah ya sa aka shiga za a zo da masana da ma'auni a ce wannan soro kar a taɓa shi, wancan a mai da shi yadda yake da, kuma tambayar za ta dawo, yadda yake a wace shekara, a idon wa? Na kai wa Baba magini wannan maganar jiya da la'asar, na ce Baba in aka ce kai za ka zaɓi abu guda a kai Yamai a ce wannan shi ne Damagaram me za ka bayar? Ya yi shiru yana jan carbi, na zaci zai ce ƙofar fada ko wani zanen da ya yi da ƙuruciya. Sai ya ce a kai jarka. Na ce jarka Baba? Ya ce e, ruwan ɗorawa, mai lita ashirin da biyar, wadda aka ɗaure murfinta da leda, a ajiye ta kusa da sirdin sarki, in baƙo ya tambaya a ce ya zo Birni ya same ni in ina da rai.